Ku daina zuba dmesg gaba ɗaya a cikin saƙon komit

Wallahi na gaji da ganin abu ɗaya wajen masu fara tura faci, wato gyaran kod, zuwa kanel ɗin Linux. Gyaran layi uku ne kacal, amma saƙon komit ɗin, wato bayanin da ke rakiyar gyaran, ya kai layi tamanin, don mutum ya kwaso duk abin da dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin kanel, ya amayar ya liƙa, ga lambobin lokaci a farkon kowane layi, ga jerin "Modules linked in", ga rajistocin RAX da RBX har R15, ga layin "Code:" da babu mai karanta shi da ido. Shi fa saƙon nan a tarihin git, manhajar da ke ajiye gyare-gyaren kod, zai zauna har abada, wanda zai yi git log bayan shekara goma duk sai ya haƙa cikin wannan shara kafin ya gano me ya faru. Kuma an rubuta maganar nan ƙarara a Documentation/process/submitting-patches.rst, akwai sashe guda a kanta, misalin da suka bayar na kuskuren MSR, wata rajistar firosesa, ma sunan fankshin uku kawai aka bari a ƙarƙashin Call Trace, wato jerin kiran fankshin.

Ni yadda nake yi, dmesg -t nake fara bugawa don lambobin lokacin su tafi. Sai in bar layin da ya faɗi laifin, wato BUG ko WARNING, da layin RIP mai nuna wurin da laifin ya faru, da fankshin ɗin da suka kai ga wurin. A x86 duk layin da ya fara da alamar "?" share shi nake, adireshi ne da aka tsinta a kan stak ba tare da tabbacin yana cikin jerin kiran ba.

To amma kuskuren da ya fi ci min rai akasin wannan ne. Da na koyi yankewa sai na wuce gona da iri. Na taɓa gyara matsalar amfani da memori bayan an sake shi a wata direba, KASAN, mai gano kurakuran memori a kanel, ce ta kama ta, rahotonta kuma kashi uku ne, inda aka taɓa memorin, da "Allocated by task", da "Freed by task". Ni kuwa na bar na farko na share sauran biyun wai don saƙo ya yi tsaf. Mai kula da sashen ya dawo min da tambaya ɗaya, waye ya saki memorin? Amsar tana cikin abin da na goge, cikakken rahoton ban ajiye ba, matsalar kuma irin wadda ba ta fitowa sai ta ga dama. Kusan sati biyu na yi ina maimaita gwaji kafin ta sake faɗowa, kafin nan lokacin karɓar faci ya wuce. Don Allah ɗan'uwa, kafin ka goge ko layi ɗaya ka ajiye asalin rahoton a fayil, kuma in KASAN ce, wurin da aka saki memorin shi ne hujjarka, kar ka taɓa shi! Haka lockdep, mai gano rikicin makullai a kanel, jerin makullan duka biyun ake so, ɗaya ba ya nuna komai.

Wani abin da ke cizon mutane, layin da ya fara da # git na ɗaukarsa sharhi ne ya jefar in a edita ka rubuta saƙon. Layukan "#0:" na lockdep haka suke ɓacewa in ka cire tazarar gabansu, shi ya sa nake tura rahoton ciki da tazara biyu koyaushe, ya kuma bambanta da bayanina.

Kar ka karya layin rahoto don checkpatch.pl, mai duba tsarin faci, ya yi ƙorafin ya wuce haruffa 75, wannan dokar ta bayaninka ce, in ka karya shi, wanda zai nemi saƙon da umarnin bincike na grep ba zai same shi ba. In ka kunna zaɓin CONFIG_DEBUG_INFO a kanel ɗinka ka bi da rahoton ta scripts/decode_stacktrace.sh, sunan fayil da lambar layi sun fi +0x4/0x20 amfani. Cikakken rahoton kuwa, in na syzbot ne, wato tsarin da ke gwada kanel da kansa yana kawo rahoton matsala, ka sa adireshinsa da Closes:, in naka ne ka ajiye shi ƙasan layin --- da ke ƙarshen saƙon komit a facin, masu bita za su gani amma git am ba zai shigar da shi tarihi ba.

Sannan ka rubuta da bakinka yadda abin ya faru tun kafin rahoton, wane zare (thread) ne ya saki memorin, wane ne ya zo ya taɓa shi daga baya, da kuma dalilin da ya sa gyaranka ya toshe wannan tazarar.