Kurakuran da ke wahalar da ƙoda wajen hoton CT kafin sauya bawul ɗin zuciya

Dattijon da bawul ɗin babbar jijiyar zuciyarsa ya tsuke, yau ana iya sa masa sabo ta jijiyar cinya, ba sai an tsaga ƙirji ba. Likita Alain Cribier ne ya fara aikin a Faransa a 2002. Amma sai an fara ɗaukar hoton CT, a auna bakin bawul ɗin da jijiyoyin da za a ratsa. Hoton na buƙatar ruwan rini mai sinadarin aidin da ake sawa ta jijiya, kuma ƙoda ce ke tace shi, shi ya sa yana iya wahalar da ita.

Abin da ya fi damuna a nan Abuja shi ne a kawo Baba daga Kubwa ko Nyanya da tsohuwar takardar gwajin ƙoda. Ku sake gwajin kiriyatinin, wato gwajin jini da ke nuna aikin ƙoda, daf da ranar hoton. Idan ƙarfin tacewar ƙoda, wanda ake rubutawa eGFR a takardar gwaji, ya gaza 30, dole likitan zuciya da na hoto su yi shawara tukuna.

Sai ƙishirwa. An ce kar ya ci abinci, 'yan gida su hana shi har ruwa tun daren jiya, ga zafin Maris. Busasshiyar ƙoda ta fi jin jiki. Ku tambayi adadin da zai sha, don mai raunin zuciya ma ruwa na iya yi masa yawa.

Kar ku ɓoye magani. Diclofenac da ibuprofen na ciwon gwiwa, metformin na suga, har jiƙon gargajiya, ku zuba su a leda ku nuna wa likita.

Mu masu ɗaukar hoton ma muna da namu laifin. Wani ya ji an ce a rage rini, sai ya rage kawai, ya bar na'ura yadda take. Hoto ya fito dishi-dishi, a sake, an sa wa Baba rini sau biyu. Garin gyaran gira an rasa ido ke nan. Idan aka sauko da ƙarfin na'ura daga kilobolt 120 zuwa 80 ga marar ƙiba, aidin ya fi haske, kaɗan ma ya isa. A sa allura mai faɗi a gwiwar hannu, a kora da ruwan gishiri, a daidaita ɗauka da bugun zuciya.

Bayan kwana biyu ko uku, mai raunin ƙoda ya koma a sake gwada ta, ko da yana jin garau.