Kurakuran da ake yi wajen auna darajar hannun jarin sabbin kamfanonin intanet

Tun da MTN Ghana ta sayar da hannun jarinta a 2018 a kan pesewa 75, har ana iya saye ta Momo, matasan Nima da Mamobi suka fara leƙa wannan kasuwa, kuma abin ya yi mini daɗi. Damuwata ita ce idan magana ta zo kan sabbin kamfanonin intanet da ba su fara cin riba ba, sai lissafi ya koma fata.

Babban kuskure shi ne ƙirga kawuna a matsayin masu ciniki. Za ka ji ana cewa ƙidayar 2021 ta nuna Ghana na da mutum miliyan 30.8, ga waya a hannun kowa, don haka kamfani ba zai rasa kasuwa ba. Amma Hajiyar da ke yini a WhatsApp, in za ta sayi atamfa, kasuwar Makola za ta shiga, ta murza ƙyallen da yatsunta, ta taya, a yi mata ragi. Abin da za ka nema a rahoton kamfani shi ne mutum nawa suka saya a wata ukun da suka wuce, kuma nawa ne suka dawo bayan an daina rangwame.

Na biyu ya fi ɓoyuwa, shi ya sa ya fi cin mutane. Irin waɗannan kamfanoni dillalai ne, jimillar kayan da suka bi ta dandalinsu ba kuɗinsu ba ne. A ce an sayar da waya ta sidi 2,000, la'adar kamfani sidi 100. A cikin ɗarin nan za a biya ɗan okada da ya yi ta yawo a lungunan Sabon Zongo yana neman gida, a biya hayar sito da talla, wani lokaci ma mai saye ya ce ya fasa, a dawo da kaya. In abin da ya rage bai kai abin da aka kashe ba, to ƙaruwar ciniki ƙaruwar asara ce. Glovo, mai kai wa mutane abinci gida, ta tattara ta bar Ghana a watan Mayun 2024, alhali mutanen Accra ba su daina cin abinci ba. Jumia kuwa, mai sayar da kaya ta intanet, ta shiga kasuwar hannun jari ta New York a Afrilun 2019 a kan dala 14.50, cikin 'yan makonni ta haura dala 40, zuwa Maris 2020 ta faɗo ƙasa da dala 3. Yawan jama'ar Afirka bai ragu ba a tsakanin nan.

Sai mantawa da canji. A farkon 2022 dala ɗaya tana wajen sidi 6, kafin ƙarshen Nuwamba ta wuce 13. Kamfanin da cinikinsa ya ninka a sidi a tsakanin nan, a dala kusan yana nan inda yake. Ka juya alƙaluma zuwa kuɗin da ake sayar da hannun jarin da shi.

Duba kuma kuɗin da ke asusun kamfani, ka raba da abin da yake asara duk wata. In ba zai kai shekara biyu ba, ka sa ran zai fitar da sabbin hannayen jari, kasonka ya ragu.

Labarin Naspers ta Afirka ta Kudu da ta zuba kimanin dala miliyan 32 a Tencent, kamfanin intanet na China, a 2001, ta kuma ci gagarumar riba, gaskiya ne, sai dai masu ba da shi ba sa faɗin cewa daga Maris 2000 zuwa Oktoba 2002 Nasdaq, kasuwar hannun jarin Amurka da kamfanonin fasaha suka fi yawa a cikinta, ta zube da kusan kashi 78 cikin ɗari. Kada ka sa jarin shago ko kuɗin makarantar yara a nan, kuma kafin ka miƙa wa dillali ko pesewa ɗaya, ka tabbatar hukumar SEC ta Ghana, mai kula da kasuwar hannun jari, ta ba shi lasisi.