Yadda Ake Zaɓen Katifa Don Ƙaramar Tirelar Kwana Ƙirar Gida

Wanda ya sa mai walda ya ƙera masa ƙaramar tirela ta kwana, domin ya riƙa janta da mota zuwa kasuwannin ƙauye, ko gona mai nisa, ko wani aikin da ke riƙe mutum kwanaki a wajajen Tanut da Gure, yakan ƙarar da hankalinsa a kan ƙarfe da tayoyi da rufi, sai a ranar ƙarshe ya tuna da abin da zai kwanta a kai. A nan ne mutane da yawa ke ɗauko tsohuwar katifar ɗaki su cusa, ko su sayi mafi kauri da suka gani a kasuwa. A ganina, tirela a ƙasar Damagaram tana buƙatar katifa marar kauri sosai, mai soso mai nauyi, wadda iska ke ratsawa ta ƙarƙashinta, kuma dalilan hakan suna cikin awo da yanayinmu.

A fara da awo kafin a nufi kasuwa. A auna tsawon wurin kwanciya da faɗinsa daga ciki, bayan an gama lulluɓe bango, ba daga wajen ƙarfe ba. Faɗin kuwa a auna shi a wurare uku, wato wajen kai da tsakiya da wajen ƙafa, domin aikin hannu ba kasafai yake fita daidai ko'ina ba, kuma murfin tayoyi yakan shigo ciki ya ci wuri. Adadi mafi ƙanƙanta shi ne za a riƙe, a kuma rage masa santimita ɗaya ko biyu saboda rigar katifa da zanin gado su samu shiga. A auna ƙofa ita ma, don katifar da ba ta shiga ta ƙofa ba ta da amfani komai kyanta. Awo na ƙarshe, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne tazarar da ke tsakanin dandamalin kwanciya da rufi. Babban mutum yana buƙatar kimanin santimita 90 zuwa 95 a saman katifa kafin ya zauna a miƙe. Idan tazarar duka santimita 110 ce, katifa mai kaurin 25 za ta sa mutum ya riƙa sa tufafi a duƙe, alhali mai kaurin 10 ko 12 za ta bar masa sarari.

A Kasuwar Dole ta Zinder da shagunan cikin gari za a tarar da awo iri biyu. Akwai katifun da aka yi da santimita, kamar 90 a 190 ta mutum ɗaya da 140 a 190 ta mutum biyu, akwai kuma waɗanda ke shigowa daga Kano, masu awon ƙafa da inci. Ƙafa 6 santimita 183 ce, ƙafa 4 da rabi kuwa 137, inci 4 kuma ya ɗan haura santimita 10. Bambancin santimita 7 a tsawo ba ƙaramin abu ba ne ga dogon mutum a cikin akwatin ƙarfe da babu inda ƙafa za ta leƙa, saboda haka a tafi da abin awo a aljihu, a auna katifar a gaban mai shago.

Katifar waya, wato mai sifirin na ƙarfe a ciki, ba ta dace da wannan aiki ba. Tana da kauri da nauyi, ba ta yankuwa, ba ta kuma naɗuwa. Ta iska tana da sauƙin ɗauka, amma ƙaya ɗaya ta ƙarangiya da ta maƙale a ƙafar wando ta isa ta kwantar da mutum a kan katako kafin asuba, ga shi kuma iskar cikinta tana kumbura da rana ta saki da sanyin dare. Ta auduga, ko ta audugar rimi, tana da daɗin kwanciya a lokacin zafi, sai dai tana dunƙulewa ta yi kwari, ana kuma buƙatar a riƙa kwance ta ana gyarawa. Akwai wani soso mai tsada da ke lotsawa a hankali ya ɗauki siffar jiki, wanda ake yabawa ƙwarai a ƙasashen sanyi. Ban ba da shawararsa a nan ba, domin yana riƙe zafin jiki, yana ƙara laushi idan ya ɗumama, a daren hunturu kuma ya taurara. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Zinder ke haura digiri 40 a inuwa, cikin tirelar da ta wuni a rana ya fi haka nesa ba kusa ba.

Abin da ya rage shi ne soso na yau da kullum, kuma a kansa ya kamata a tsaya da kyau, domin soso biyu na iya zama da kauri ɗaya da launi ɗaya, amma ɗaya ya yi shekaru, ɗayan ya lotse kafin damina ta zagayo. Abin da ke raba su shi ne yawan kilo a kowane dunƙulen soso mai mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya tsayi. Soso mai kilo 18 zuwa 20 mai arha ne, iska ce ta fi yawa a cikinsa. Wanda ya kai kilo 28 zuwa 35 shi ne ke jure kwanciyar babban mutum ko da bai yi kauri ba. Idan babu rubutu a jiki, ko kuma ba a gamsu da rubutun ba, sikeli zai raba gardama. A ɗauki misalin soso mai tsawon santimita 190, faɗi 120, kauri 10. Idan mai kilo 30 ne, nauyinsa zai kusa kilo 7, idan kuwa mai kilo 18 ne, da kaɗan zai wuce kilo 4. Mai shagon da ya amince da kayansa ba zai ƙi a ɗora shi a sikeli ba. Sai dai a lura cewa akan cuɗa wani soson da gari mai kama da alli don ya yi nauyi, irin wannan kuwa idan aka murza gefensa da yatsa yakan yi gari, kuma yana saurin tsagewa idan aka ja shi.

Nauyi daban, tauri daban, saboda haka bayan sikeli sai gwaji da jiki. A shimfiɗa soson a kan siminti, kada a gwada shi a kan tulin wasu katifun, sannan a kwanta a gefe ɗaya na ƴan mintuna. Idan ƙugu ko kafaɗa suka ji ƙasa, a bar shi. Idan aka tashi, ya kamata ya koma yadda yake nan take. Mai jiki sosai ya ɗauki kaurin santimita 12, ko ya haɗa biyu: mai tauri na santimita 8 a ƙasa, mai laushi na 3 ko 4 a sama. Wannan haɗin ya fi katifa ɗaya mai kaurin 20 ta soso marar nauyi, a wajen daɗi da kuma wajen daɗewa.

Soso yana yankuwa da doguwar wuƙa mai kaifi, idan aka ja layi a fuska biyu aka bi shi a hankali ba tare da dannawa ba. Ya fi kyau a raba shi gida uku a kan faɗi, kowane yanki da rigarsa, domin a iya ɗaga ɗaya a buɗe ma'ajin da ke ƙasa, ko a jingina shi ya zama wurin zama da rana. A lura kada mahaɗar ta faɗo daidai ƙugu. Wajen tela kuwa, a nemi yadi mai kauri na auduga, a sa zif mai tsawo yadda za a cire a wanke, domin ƙurar hunturu ba ta barin kowace kafa. A ɗinka rigar ta ɗan fi soson ƙanƙanta da kimanin santimita ɗaya, ta yadda za ta kama shi ba tattara. Rigar leda tana hana ruwa shiga, amma tana sa zufa, don haka idan ana tsoron ɗigar rufi, gara a gyara rufin. Ledar da katifa ke zuwa da ita daga kamfani ma a cire ta.

Jikin mai barci yana fitar da danshi duk dare, danshin nan kuwa yana sauka ta cikin soso har ya tarar da abin da ke ƙasa. Idan faifan ƙarfe ne ko katako marar huji, nan zai tsaya, musamman a watan Agusta da iska ke da laima, sai a ga baƙin tabo da wari, ƙarfen kuma ya fara tsatsa. Maganinsa shi ne a jera siraran katakai a bar tazarar yatsu biyu ko uku a tsakaninsu, ko a huda dandamalin a wurare da yawa, ko aƙalla a shimfiɗa tabarmar kaba a ƙasa. Bayan kowace tafiya a ɗaga katifar ta sha iska a inuwa. Doguwar shanya a rana tana sa soso ya canza launi ya fara marmashewa.

Soso yana kama wuta da sauri ƙwarai, hayaƙinsa kuma guba ne, a cikin ɗan akwati mai ƙofa ɗaya kuwa hakan na iya kashe mutum kafin ya farka. Kada a kunna maganin sauro mai hayaƙi a ciki, kada a shigo da garwashin shayi don jin ɗumi a daren Janairu, tukunyar gas kuma a yi mata wuri a waje. Tun wajen ƙira a sa mai walda ya liƙa ƙananan ƙugiyoyi huɗu a rufi domin rataya gidan sauro, a kuma bar ƴar tazara a gefen katifa da za a cusa bakinsa. Kafin a kama hanya mai gargada, a ɗaure yankunan da igiya ko maɗauri, a kuma kawar da galan na man fetur da kayan ƙarfe masu kaifi daga kansu, domin girgizar hanya tana sa su goge riga har su ci soson.