Yadda Ake Zaɓar Motar Sitefa da Direbanta Idan Za Ka Haɗa Injin CNC

Duk wanda ya zo mini da maganar haɗa injin sassaƙa na CNC, wato wanda kwamfuta ke sarrafawa, tambayarsa ta farko ɗaya ce: "Malam, wace mota ce ta fi ƙarfi?" Ni ma da ita na fara, kuma ita ta ci mini kuɗin motoci uku da falankin filawud biyu. Na ɗauka ka riga ka haɗa gangar jikin injinka, ko aƙalla ka zana shi, don haka ba zan tsaya kan ƙarfe da walda ba. Maganarmu a kan motocin lantarki da ke tura injin ne, wato sitefa masu juyawa taku-taku, da direbobi, wato na'urorin da ke ba su wuta, da allon da ke ba da umarni.

Mataki na farko, ajiye maganar mota, ka dubi abin da za ta juya. Idan sandar sukuru ce mai ƙwallaye irin SFU1605, juyi ɗaya yana tafiyar da injin milimita 5. Idan sandar T8 ce da ake samu a ƙananan injuna, yawanci milimita 8 ne. Idan bel ne na GT2 a kan fuli mai haƙora 20, milimita 40. Rubuta wannan lamba a takarda, domin duk lissafin da zai biyo baya a kanta ya rataya. Sannan ka yanke gudun da kake so. Ga katako da MDF, milimita 3,000 a minti ya ishi mai koyo har ya yi kyauta. A kan SFU1605 wannan na nufin juyi 600 a minti, wato juyi 10 a daƙiƙa.

Mataki na biyu shi ne girman mota. Lambar NEMA da kake gani faɗin fuskar mota kawai take faɗa. NEMA 17 milimita 42 ce, NEMA 23 kusan 57, NEMA 34 kuma 86. Za ka iya samun NEMA 23 biyu, ɗaya ta ninka ɗaya ƙarfi, saboda tsawon jikinsu ya bambanta. Ni dokata ita ce: NEMA 17 ta injin lesa ce da ɗan injin tebur mai zane a kan roba, duk injin da zai ɗauki rawutar kafinta ya ci katako, NEMA 23 za a sa masa. NEMA 34 kuwa bar wa masu yankan ƙarfe. Ka ɗauki mai digiri 1.8 a kowane taku, wato taku 200 a juyi, mai wayoyi huɗu. Kafin ka biya, duba kaurin sandarta, domin NEMA 23 na zuwa da milimita 6.35 ko 8, kuma kofilin da ka saya, wato mahaɗin sandar mota da sukuru, ba zai yarda da kuskure ba. Kofilin ba tsada gare shi ba, amma jiran wani ya iso daga China sai ya ci maka wata guda.

Yanzu ga mataki na uku, ƙarfin mota, inda na faɗi, kuma nan nake ganin kowa yana faɗuwa.

Lambar da masu sayarwa ke rubutawa da manyan baƙaƙe, 1.2 N·m ko 3 N·m, ƙarfin riƙo ne, wato ƙarfin motar lokacin da take tsaye cak da wuta a jikinta. Injin CNC kuwa ba a tsaye yake aiki ba. Da zarar mota ta fara gudu ƙarfinta yana raguwa, kuma abin da ke yanke saurin raguwar wata ƙaramar lamba ce a takardar bayanan motar da ba wanda ke kallo: indoktans, ana rubuta shi da mH. Koyil ɗin mota, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikinta, ba ya yarda wuta ta cika shi nan take, sai a hankali, kamar cika randa da siririn tiyo. Idan mH ya yi yawa randar ta yi girma, idan boltej ya yi kaɗan tiyon ya ƙara sirancewa. Kafin randar ta cika an riga an ce a matsa zuwa taku na gaba.

Abin da na saya a farko shi ne NEMA 23 dogaye, masu 3 N·m, 3A (amfiya 3), da 9 mH, na haɗa su da akwatin wuta na 24V saboda shi ne mai araha. Da na kunna, na kama sandar da hannu na kasa motsa ta, har na kira abokina ya zo ya gwada. Ranar da na sa injin ya sassaƙa sunan wani shago a filawud, harafi uku na farko suka fito tsaf. Da injin ya ɗaga ya ruga zuwa ɗaya gefen, sai na ji wani ƙugi, gurrr, sandar ta tsaya alhali kwamfuta na nuna ana tafiya. Bakin ya sauka a tsakiyar harafi na biyu ya ci gaba da yanka abinsa. Motar sitefa ba ta da hanyar gaya wa allo cewa ta tsallake taku, shi kuma allon ƙirge kawai yake yi. Na ɗaure sukurori, na zuba mai, na canza waya, na zargi kwamfuta. Falanki na biyu ma haka ya tafi.

Ga lissafin da ya kamata in yi tun farko. Juyi 10 a daƙiƙa sau taku 200 ya ba da taku 2,000 a daƙiƙa, kowane taku na da rabin milidaƙiƙa ke nan. Lokacin da wuta ke ɗauka ta cika koyil, a ƙiyasi, shi ne mH sau amfiya a raba da boltej. Nawa: 9 sau 3 a raba da 24, ya haura milidaƙiƙa ɗaya. Motar na buƙatar fiye da ninki biyu na lokacin da nake ba ta. Da na sauya zuwa gajerun NEMA 23 masu 1.26 N·m, 2.8A, 2.5 mH a kan 36V, lissafin ya sauko ƙasa da 0.2, injin ya riƙa gudu kamar ba shi ba. Motar da a takarda ba ta kai rabin ƙarfin waccan ba, ita ce ta yi aikin.

Kada 1.26 ɗin ya ba ka tsoro. A kan sukurun milimita 5, wannan ƙarfin yana tura abin da ya kai kilo 140, kusan buhun siminti uku. Ko rabinsa ya rage a cikin gudu, ya fi abin da bakin milimita 6 ke buƙata a katako nesa ba kusa ba.

Akwai wata ƙa'ida da ta fito daga kamfanin Geckodrive na Amurka, masu haɗa CNC sun daɗe suna amfani da ita: ka nemi tushen murabba'in mH, ka ninka da 32, shi ne iyakar boltej da ya dace da motar. Mai 2.5 mH ta ba da kusan 50V. Tawa mai 9 mH ta ba da 96V, ni kuma ina shayar da ita 24V. Saboda haka kada ka sayi NEMA 23 da ta wuce 4 mH. Idan mai sayarwa bai rubuta mH ba, wuce shi. Ita kuma lambar 3V ko 2.5V da ke jikin motar, manta da ita. Direba ne ke kayyade amfiya, ba a haɗa sitefa kai tsaye da wuta.

Mataki na huɗu, direba. Ƙananan nan da ake sokawa a kan allon CNC Shield, A4988 da DRV8825, na NEMA 17 ne. A4988 ba ya wuce 35V, kuma daga 1A zuwa sama sai da ƙarfen shan zafi da fanka. DRV8825 ya ɗan fi shi, yana kai wa 45V. Na sha ganin an ɗaura musu NEMA 23, su yi minti goma su ɗauki zafi su kashe kansu. Akwatunan da aka rubuta wa TB6600 suna da araha, amma da yawansu wani guntu ne daban a ciki, kuma suna da ƙara. Ni DM542 nake sa wa kowa: yana karɓar 20V zuwa 50V, yana tafiya lumui. Bambancin kuɗinsa da wancan bai kai kuɗin falanki ɗaya da za ka lalata ba.

A jikin DM542 akwai ƙananan makunnai takwas. Uku na farko na amfiya ne, kuma teburin da aka buga a jikinsa yana da layi biyu, na ƙololuwa da na RMS, wato matsakaicin wutar da motar ke sha. Lambar da ke jikin motarka da layin RMS za ka gwada ta, 4.20 na ƙololuwa 3.00 ne kacal a RMS. Ga mota mai 2.8A, 2.69 ne mafi kusa, amma ni ina sauka zuwa 2.36, domin a watan Afrilu shagon da ke da rufin kwano ya riga ya gasa motar kafin ka kunna ta. Na huɗu yana rage wuta zuwa rabi idan mota na tsaye, bar shi a haka. Huɗun ƙarshe na gutsura taku ne. Sa shi a 1,600, wato kowane taku an raba shi takwas. Masu koyo na son su kai shi ƙarshe suna zaton injin zai fi daidaito, alhali allon umarni na Arduino Uno mai manhajar GRBL ba ya iya fitar da bugun taku fiye da kusan 30,000 a daƙiƙa. A kan sukurun milimita 5, idan an raba takwas kana da taku 320 a milimita, gudu har 5,600 a minti. Idan an raba 32 kuwa taku 1,280 ne, gudun ya faɗo kusan 1,400.

Abu ɗaya da ba a yi: cire wayar mota alhali direba na kunne. Yana iya ƙonewa nan take. Don gane wayoyin da ke koyil ɗaya, haɗa bakin biyu ka juya sandar da hannu. Idan ta yi tauri, su ne abokan juna, ɗaya A+ ɗaya A-. Idan motar ta juya baya, kashe wuta ka musanya waɗannan biyun.

Akwatin wuta: 36V mai 10A ya ishi motoci uku ko huɗu, tunda kashi biyu cikin uku na jimillar amfiyarsu ake nema. 48V ya fi gudu, amma ya yi kusa da iyakar DM542, kuma mota idan tana taka birki tana mayar da wuta baya. Kowane direba a ja masa wayarsa daga akwatin, kada a yi jere daga wannan zuwa wancan.

Allon umarni ba ya buƙatar dogon tunani. Arduino Uno da GRBL ya isa ga layi uku na tafiya, X, Y da Z. Idan gefen Y na da motoci biyu, raba musu sigina ɗaya. Mai son aika aiki ta waya ya ɗauki allon ESP32 da manhajar FluidNC, amma ya tuna 3.3V yake fitarwa, direban kuma 5V yake so, sai allon da ke ɗaga siginar. Manhajar Mach3 da tsohuwar kwamfuta mai ramin firinta har yanzu suna aiki, idan ka samu. A saitin GRBL, sa 320 a $100 zuwa $102, wato taku a milimita, idan sukurunka na milimita 5 ne. Ƙara gudu a $110 har motar ta yi ƙugi, sannan ka rage kashi 30 cikin ɗari. Haka za ka yi wa $120, wato saurin ɗaukar gudu. Umarci injin ya yi milimita 100 ka auna da rula. Ka sa makunnan iyaka, waɗanda ke nuna wa allo ƙarshen kowane layi, tun yau, domin ranar da aka ɗauke wuta a tsakiyar aiki, da su kaɗai injin zai koma gida ya gane inda ya tsaya. Akwatin direbobin kuma a sa masa fanka da ɗan soso a bakin iska, a riƙa kakkaɓe shi duk mako, musamman da hunturu.