Kafin ka fara rubuta kundinka, karanta na waɗanda suka riga ka

Sabon ɗalibi a jami'ar ƙasar waje yakan ɓata watanni yana lalube, bai san irin aikin da ake so ya miƙa ba, alhali amsar tana laburaren makarantarsa. Kusan kowace jami'a tana da rumbu a intanet inda take ajiye kundayen ɗalibanta, musamman na digirin digirgir. Sau da yawa rumbun yana da sunansa daban, shi ya sa baƙo yake wuce shi bai sani ba: a Birtaniya, na Kambrij Apollo ne, na Oksfod ORA, jami'o'in Lidis, Shefil da Yok kuwa sun haɗu a White Rose. A Indiya akwai Shodhganga na ƙasa baki ɗaya, a Faransa theses.fr.

Kada ka tsaya neman take kawai. Nemi sashenka, sannan sunan malamin da zai duba aikinka idan rumbun ya ba da dama, ka sauke biyu ko uku na baya-bayan nan. A nan za ka ga abin da ya samu karɓuwa a gaban masu jarrabawa: tsawon babin bitar ayyukan magabata, yadda aka kare hanyar bincike, salon kawo manazarta. Jerin manazartar da ke ƙarshe ma taska ce. A ganina babu takardar ƙa'idoji da ke koyar da wannan kamar kundin da aka riga aka amince da shi.

Wani kundin za ka ga take da taƙaitawa kaɗai, saboda marubucin ya sa masa takunkumi na wani lokaci, ƙila yana shirin buga shi. Na digiri na biyu kuma wasu jami'o'in zaɓaɓɓu kaɗai suke sakawa, sai ka shiga da sunanka da kalmar sirrin makaranta. Haka ma ProQuest, rumbun wani kamfani da ke tara kundayen jami'o'i da yawa, wanda jami'a ke biya wa kuɗi. Idan ka cije, rubuta wa ma'aikacin laburaren da ke kula da fanninka. Aikinsa ke nan, kuma yana iya aro maka daga wata jami'a.

Amma don Allah kada ka kwafa. Manhajoji irin Turnitin suna gwada rubutunka da abin da ke buɗe a intanet, kuma satar fasaha tana iya kai mutum ga kora. Duk abin da ka ɗauka, ambaci marubucin da shekarar da jami'ar.