Yadda ake jinyar gyambon ƙafa ga mai ciwon suga, bisa abin da bincike ya nuna

Duk wanda yake da mai ciwon suga a gida ya san yadda abin yake farawa, ɗan ƙaramin ƙurji ne ko takalmi ya goge masa ɗan yatsa ko kuma salansar babur ta ƙona shi bai ma ji ba, sai a ce ai ba komai zai warke, kafin ka ankara an yi wata biyu ana shafe-shafe ƙafa ta fara wari. A Najeriya an yi wani bincike mai suna MEDFUN tsakanin 2016 da 2017 a manyan asibitoci shida, aka bi mutum 336 da aka kwantar saboda gyambon ƙafa, kusan kashi 35 cikin ɗari sai da aka yanke musu wani sashe na ƙafar. To bari in faɗi yadda ake bi da shi.

Farko dai ranar da aka ga miki, ranar za a tafi asibiti, ko washegari. Kada a tsaya jiran ya yi zafi domin sau da yawa ba ya yi, sugan ya riga ya kashe jijiyoyin da suke kai saƙon ciwo, shi ya sa mutum zai taka ƙusa ya wuni da ita a takalmi bai sani ba. Idan kun je ku tabbata likita ya taɓa bugun jini a bayan ƙafa da wajen idon sawu, in bai ji shi sosai ba a yi gwajin gudun jini, saboda ƙafar da jini ba ya isa gare ta ko me ka zuba mata ba za ta warke ba sai an buɗe hanyar jinin. Sannan akwai wani ɗan ƙarfe mai tsafta da suke zurawa a cikin mikin, idan ya taɓo ƙashi to akwai yiwuwar ƙwayar cuta ta shiga ƙashin, sai a yi hoto.

Yanzu ga babban abin da mutane suka fi rainawa kuma shi ne ainihin maganin: a daina taka wurin. Gyambon tafin ƙafa kullum ana ɗora masa nauyin mutum, naman da ya fara tsirowa da dare da safe an murje shi a hanyar kasuwa, ta yaya zai haɗe? Wani likita ɗan Ingila, Paul Brand, shi ya yaɗa dabarar sa filastar da ke rufe ƙafa gaba ɗaya irin ta masu karaya lokacin da yake aiki da kutare a Indiya, su ma ai rashin jin zafi ne matsalarsu, daga baya aka kawo dabarar kan masu suga. A 2001 David Armstrong da abokan aikinsa a Amurka suka gwada, waɗanda aka sa wa wannan filasta kusan kashi 90 cikin ɗari sun warke cikin mako 12, masu takalmin asibiti da ake iya cirewa kuma kashi 65. Abin dariya ma a wani binciken na 2003 da suka sa wa mutane na'urar ƙirga taku sai suka gano masu takalmin cirewa ba sa sa shi sai a kusan kashi 28 na takun da suke yi a yini, wato a cikin gida cire shi suke yi, suna ganin daga ɗaki zuwa banɗaki ai ba tafiya ba ce. Tafiya ce fa. Don haka ku tambayi likita ko za a iya sa filastar, sai dai ba a sa ta idan mikin ya ruɓe sosai ko jini ba ya gudu, kuma ƙwararre ne kawai zai sa. In ba ta samu ba a nemi sanduna ko keken guragu, sallah ma a yi ta a zaune a kan kujera, maganar alwala kuma a tambayi malami game da shafa a kan bandeji, kada a riƙa jiƙa mikin sau biyar a rana.

Sai kankare mataccen nama da kirtar da ta taru a gefen mikin, wannan aikin ma'aikacin lafiya ne da aska ta asibiti, yawanci duk mako ko mako biyu. Ba aikin wanzami ba ne, ba kuma na reza a tsakar gida ba.

Wanki kuwa ruwan gishirin asibiti ko tsaftataccen ruwa ya isa, a rufe da bandejin da zai tsotse ruwan mikin amma bai busar da shi ƙarau ba. Dan Allah a daina fasa kafso ana zazzaga garin a kai, a daina toka da man ja da ganye, kuma kada a tsoma ƙafar a ruwan zafi. Na san za a ce zuma fa? To ƙungiyar masana ƙafar masu suga ta duniya, IWGDF, a jagorarta ta 2023 ba ta ba da shawarar zuma ga wannan gyambon ba saboda gwaje-gwajen da aka yi ba su da ƙarfin da za a dogara da su. Bandejin da ya nuna wani abin a zo a gani shi ne mai sinadarin sukuros oktasalfet, a gwajin Explorer da aka buga a 2018 kashi 48 sun warke cikin mako 20, masu bandejin da babu sinadarin kashi 30. Amma fa duka ɓangarorin biyu an hana su taka mikin, ana kuma kankare musu, wato ƙari ne a kan tushe, ga tsada.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya warkar da gyambo, ruɓa yake kashewa. Idan babu ja, kumburi, ɗumi ko mugunya ba a buƙatarsa, sayen shi a kemis ana sha barkatai sai dai ya sa ƙwayoyin su bijire. In akwai ruɓa mai sauƙi mako ɗaya zuwa biyu ake yi, in ta kai ƙashi kuma ba a cire shi ba wajen mako 6. Zazzaɓi, jan da yake hawa sama, yatsa ya yi baƙi, ko suga ya haura ya ƙi sauka, wannan na gaggawa ne ko tsakar dare ne a tafi.

Wata dabara da kowa zai iya a gida, a ajiye rula a gefen mikin a ɗauki hoto da waya duk mako. Bincike ya nuna mikin da faɗinsa bai ragu da rabi ba cikin mako 4 da wuya ya warke a mako 12, to idan kun ga haka ku nuna wa likita hotunan a sake duba jini da ƙashi da batun takawa. Shan maganin suga kan lokaci, cin abinci mai gina jiki, barin taba, duk suna cikin jinyar.

Bayan ya warke kuma kusan mutum 4 cikin 10 yana dawo musu cikin shekara guda. Kullum da dare a duba tafin ƙafa da madubi ko a sa yaro ya duba, a busar da tsakanin yatsu bayan alwala, da hunturu a shafa mai saboda faso amma ban da tsakanin yatsun, kada a kusantar da ƙafa ga kaskon wuta, kada a taka siminti ko yashi mai zafi ba takalmi ko da a harabar masallaci ne, kuma a riƙa zura hannu cikin takalmi a lalube kafin a sa.