Yadda ake shimfiɗa filatinam a kan zinare mai ramuka

Filatinam ne ke hanzarta aikin batirin haidirojin, amma tsada gare shi, kuma ƙwayoyin zarrar da ke samansa kaɗai ke aiki, na ciki zaman banza suke yi. Shi ya sa nake son wannan hanya: a yi gindi da zinare mai ramuka, a lulluɓe shi da filatinam mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya tak.

Ka nemi fallen zinare mai karat 12, wanda rabin nauyinsa azurfa ce, kaurinsa wajen nanomita 100 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Ka ɗora shi a kan nayitirik asid mai ƙarfi, cikin akwatin zuƙe hayaƙi, da safar hannu da tabarau. Asid zai cinye azurfar, ƙwayoyin zinaren su tattaru su bar ramuka kamar soso. Jonah Erlebacher da abokan aikinsa ne suka bayyana yadda hakan ke faruwa a 2001. Minti 15 ya wadatar. In ka bar shi ya kwana, ramukan za su buɗe, filin aikin ya ragu. Ka tsamo shi da gilashi, ka ɗauraye a tataccen ruwa, ka ɗora shi a kan elektirod, wato sandar da lantarki ke bi ya shiga ruwan.

Nan ne aikin yake son haƙuri. Ka tsoma elektirod ɗin cikin ruwan salfet na jan ƙarfe da salfurik asid, ka tsayar da ƙarfin lantarki dab da inda jan ƙarfe zai fara taruwa da yawa. A nan shimfiɗa ɗaya kawai jan ƙarfen yake yi a kan zinaren, ya tsaya. Sai ka tsoma elektirod ɗin cikin ruwan gishirin filatinam mai caji 2, K2PtCl4. Kowace ƙwayar jan ƙarfe za ta narke, ta filatinam ta maye gurbinta. Dabarar Radoslav Adzic ce da mutanensa a cibiyar bincike ta Brookhaven, Amurka. Kada ka ɗauki gishirin filatinam mai caji 4, don shi ƙwayar jan ƙarfe biyu yake ci kafin ya ajiye ɗaya, rabin filin ya zauna tsirara.

Don Allah ka kula da iska. Oksijin na cinye jan ƙarfen nan take, saboda haka ka busa iskar agon ko naitirojin cikin ruwan duka biyu, kuma ka yi sauyin ba tare da elektirod ya sha iska ba.

Gwaji kuwa a salfurik asid ake yi. Ka auna cajin da haidirojin ya ɗauka a kan filatinam, ka raba da maikurokulom 210 (maikurokulom ma'aunin caji ne), ka sami faɗin filin a murabba'in santimita. In alamar zinare ta fito sosai a gwajin, filatinam bai rufe shi duka ba ke nan, ka maimaita shimfiɗar.